Wa ya biya kuɗin ɗinke hanjin yaron? Nazarin kwana 16 a babban asibitin Damagaram

Aikina lissafi ne. Sama da shekara ashirin ina riƙe wa ƴan kasuwa littafin shige da ficen kuɗi a nan Damagaram, har abin ya bi mini jiki, ba na iya yar da rasit ko na sabulu ne. To da ɗan ƙanwata ya kwanta a babban asibitin garin nan a watan Oktoba na 2024, duk takardar da aka miƙo mini sai in ninke in tura cikin wata baƙar leda. Ranar da aka sallame mu na zazzage ledar a kan tabarma bayan isha'i, na jera su bisa kwanan wata: takarda 31, na kwana 16. Lissafi ya fita daidai da abin da ya bar aljihunmu, ko dala ba ta ɓata ba. Sai dai ni na kwana a wurin, na ga yawan hannayen da suka taɓa yaron, kuma rabinsu babu takarda ɗaya a kan tabarmar da ta nuna wanda ya biya su. Wannan giɓin ne ya sa na bi diddigin yadda aka tsara gidan da inda kuɗinsa ke fitowa.

Daren da suka iso

Yaron shekararsa 11, suna zaune a wani ƙauye gabas da Mirya. Shekarar ce ruwa ya yi ɓarna har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Rijiyoyi sun cakuɗe da duk abin da ruwa ya kwaso daga bayan gari. Zazzaɓi ya kama shi, kowa ya ce masassarar damina ce, don a lokacin gida ɗai-ɗai ne babu mai ita. Aka sayi ƙwayoyi wurin mai tallar magani ranar kasuwa, aka haɗa da jiƙo. Jikin ya yi kamar zai lafa, ya sake dawowa. Sai da cikin ya kumbura ya yi tauri kamar allo, yaro ya daina yarda a taɓa shi, sannan aka kai shi ƙaramin asibitin yankin, wanda muke ce wa CSI. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, bai ɓata lokaci ba. Ya ɗaura masa ruwa, ya rubuta takardar turawa, ya ce a wuce Damagaram a daren.

Wajen ƙarfe tara wayata ta yi ƙara. "Yaya, mun iso likita, ka zo." A bakinmu likita mutum ne, kuma gida ne. Na tare kabu-kabu na hau.

Wadda ta fara duba shi yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƴata ta fari ba, da farar riga a kan hijabi da ƙaramin littafi a aljihu. Ta tambayi uwar kwana nawa da fara zazzaɓin, me aka ba shi, yaushe rabonsa da bayan gida. Ta ɗora tafin hannu a cikin, ta danna a hankali, ta saki farat ɗaya, yaro ya ƙwalla ƙara. Ta dube ni ta ce, "Baba, bari in kira likitan da ke kwanan aiki, amma ku shirya, za a yi hoto da awon jini." Daga baya na san ɗaliba ce a shekarun ƙarshe na karatun likita a jami'ar garin nan.

Da hoton ya fito, likitan ya ɗaga shi saitin fitila ya nuna mini wani baƙin layi siriri, lanƙwasasshe kamar jinjirin wata, a ƙarƙashin huhun dama. Ya ce iska ce, kuma iska ba ta da abin yi a wurin in ba hanji ne ya huje ba. Taifot ce. Ƙwayar cutar tana shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta zauna a bangon ƙarshen ƙaramin hanji, ta yi ta cin wurin, galibi a mako na biyu ko na uku ta ɓula shi, abin da ke cikin hanji ya tsiyaye cikin ciki. Daga nan kuma ba maganin sha, sai wuƙa.

Aka miƙo ordonas, takardar magani ke nan, doguwa: ledojin ruwa, allurar ceftriaxone da metronidazole, safar hannu, zaren ɗinki, robar fitsari, robar hanci, auduga. Ƙanwata ta kwance haɓar zane ta miƙo mini kuɗin awaki biyu da aka sayar da yamma a kan farashin mai neman kai. Ni da wani ƙanen mijinta muka je muka ba da jini. Kafin kiran assalatu an shiga da shi. Huji ɗaya aka samu, bai wuce faɗin ƙwayar gujiya ba, aka ɗinke, aka wanke cikin.

Safiya da jerin fararen riguna

Kwana biyu bayan aikin na ga abin da ya fara ba ni haske. Wajen ƙarfe takwas likitan da ya yi aikin ya shigo ɗakin, bayansa mutum sun fi goma, kowa da littafi. Suna ce masa Metir. Ya tsaya a gadon yaronmu, ya sa wannan ɗalibar ta karanto tarihin ciwon tun daga ƙauye, ya katse ta sau biyu. Ya juya ga wani dogon saurayi ya tambaye shi me ya sa hujin taifot ke zaɓar ƙarshen ƙaramin hanji. Saurayin ya yi inda-inda, Metir ya ce gobe ya zo da amsa. Ya ɗaga bandeji, ya sa biyu daga cikinsu suka duba ɗinkin, ya sa wata ta kara abin sauraro a cikin yaron ta faɗi ko hanji ya fara motsi. Sun fi minti ashirin a kanmu.

Da suka wuce ƙanwata ta matso ta ce, "Yaya, wai ɗana ne allon karatunsu?" Na ce mata shi ne, kuma da ba allon ba ne da babu mai zuwa duba shi sau huɗu cikin dare. Gaskiya na faɗa mata. Mai gwada zafin jikinsa ƙarfe biyu na dare, mai ƙirga fitsarin da ke cikin leda, mai rubuta komai a takardar da ke ƙafar gado, kusan duk ɗalibai ne: wasu na jami'a, wasu na makarantar kiwon lafiya ta ENSP da ke horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, wasu na makarantu masu zaman kansu da suka zo koyon aiki.

Gida ɗaya, iyayen gida biyu

Sunan gidan a takarda Asibitin Ƙasa na Zinder, babu kalmar koyarwa a ciki. Shekaru da dama shi kaɗai ne mai matsayin asibitin ƙasa a wajen Yamai, wadda ke da nisan kusan kilomita 900 daga nan. Shi ne ƙarshen tsani: daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa CSI, daga CSI zuwa asibitin gunduma irin na Magarya, Matameye, Gure ko Tanut, daga can zuwa nan. Har daga Difa da Agadas ana kawo marasa lafiya. Yana ƙarƙashin ma'aikatar kiwon lafiya, amma yana da nasa kasafin kuɗi da kwamitin gudanarwa da babban darakta wanda gwamnati ke naɗawa. Akwai wata ƙa'ida da muka gada daga tsarin Faransa wadda ni mai lissafi take burge ni: mai ba da umarnin a kashe kuɗi daban, mai riƙe da asusu daban. Darakta ya sa hannu a saya, amma akantan gwamnati ne zai fitar da kuɗin, bayan ya tabbatar da takardun sun cika. Tsarin yana hana hannu ɗaya yin yadda ya ga dama. Yana kuma da nauyin jiki, don ciwo ba ya jiran sa hannu na uku.

Jami'ar kuwa gida ne na dabam. An kafa ta a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin nan da ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi, da shugabanta da nata kasafin. Kafin a buɗe tsangayar kimiyyar lafiya a nan, ɗan Damagaram mai son zama likita sai ya tafi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ya ƙetare ƙasa. Tsangayar tana da azuzuwa da malamai da ɗalibai, amma ba ta da gado ko ɗaya na kanta. Likita kuma ba a koyon sa a allo kaɗai, dole sai an taɓa ciki mai ciwo. Saboda haka ɗalibi da safe yana asibiti, da yamma yana aji.

Metir ɗin da ya ɗinke hanjin yaronmu yana tsaye ne ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can. A matsayinsa na malami, shugaban tsangaya ne ubangidansa, kuma ta wajen jami'a matsayinsa ke hawa. A matsayinsa na mai wuƙa, yana cikin sashen tiyata, yana bin jadawalin kwanan aiki na asibiti, da kayan asibiti yake aiki. Wannan tsari ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A Faransa ne a ƙarshen Disamba na 1958, bisa shawarar likitan yara Robert Debré, aka yi dokar da ta ɗaura aure tsakanin manyan asibitoci da tsangayoyin likitanci, aka ce kowanne ya riƙe kansa amma su rubuta yarjejeniya, kuma malamin likita ya zama cikakken ma'aikacin gida biyu mai aiki uku: jinya, koyarwa, bincike. Kafin su, Amurka ta bi wata hanya: asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a 1889 da makarantarsa ta 1893 suka zama abin koyi, rahoton Flexner na 1910 kuma ya sa aka rufe makarantun likita da yawa da ba su da asibiti ko ɗakin gwaji na kirki.

Iyayen gida biyu na nufin kalanda biyu. In ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta shiga yajin aiki, aji zai rufe, amma hanjin da ya huje ba ya cikin ƙungiya, Metir zai shiga ɗakin aiki. In ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ne suka shiga nasu, aji na nan buɗe, amma ɗalibi zai zo ya tarar da aikin gaggawa kawai ake yi, abin da zai gani ya ragu. Shekarar karatu tana iya zamewa da watanni, lokacin masassara da tamowa kuwa ba ya zamewa, daga Yuli zuwa Oktoba yana nan zuwa ko akwai ɗalibai a ɗakunan yara ko babu.

Inda kuɗin ke fitowa

A nan ne ledata ta yi amfani. Na raba takardun gida biyu. Kashi na farko na akwatin asibiti ne: ganin likita, hoto, awon jini, aikin tiyata, kuɗin gado. Kashi na biyu na farmasi ne, kuma shi ya fi kauri nesa ba kusa ba.

Kashin farko shi ake kira kuɗin shiga na asibitin kansa. Asalinsa shirin Bamako ne na 1987, lokacin da ministocin lafiya na Afirka suka yarda cewa mara lafiya ya riƙa ba da wani abu don kada kantar magani ta bushe. Nijar ta mayar da shi doka a 1995. Da wannan kuɗin asibiti ke yin hidimar yau da gobe: sayen sinadaran awo, gyaran na'ura, biyan ma'aikatan da shi ya ɗauka da kansa, irin masu shara da masu tura gado da wasu ƴan kwantiragi. Mun ci sa'a ta wani fanni, don a watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita, gado, awo, hoto da tiyata da rabi a asibitocinta, daga 1 ga Satumba, ta mayar da haihuwa kyauta, ta kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara yi musu. Da a watan Yuli yaron ya kwanta, da wannan kashin ya ninka. Akuya ta uku ta tsira saboda haka, kuma ba ni da bakin da zan raina wannan.

Amma mai lissafi ba ya kallon shafi ɗaya. Abin da aka rage mana, ragi ne a akwatin asibiti. Farashin gas na janareto bai ragu da rabi ba, haka sinadarin awon jini da ake shigowa da shi daga waje. In aka rage ƙofa ɗaya, dole wata ƙofar ta faɗaɗa daidai gwargwado, kuma a kan lokaci.

Ƙofar ita ce baitulmali. Gwamnati tana biyan albashin ma'aikatanta kai tsaye, wannan ba ya bi ta akwatin asibiti. Tana kuma ba da tallafin gudanarwa da ake rubutawa a kasafin shekara, a riƙa sakin sa kashi-kashi. Abin da aka rubuta da abin da aka saki da ranar da ya iso, abubuwa uku ne, duk wanda ya taɓa bin gwamnati bashi ya san haka. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Nijar ba ta kai nan ba, kamar yawancin waɗanda suka sa hannu. Shi ya sa har yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun iyalai yake fitowa. Haɓar zanen ƙanwata tana cikin wannan lissafin.

Sai ƙofa ta uku, wadda ta fi kowacce ban sha'awa a baki da ciwon kai a littafi: aikin da asibiti ke yi bashi. Zamanin Tandja Mamadou aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, aka ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki a 2006, sannan kansar mata a 2007. Kyauta ga uwa, amma ba kyauta ga asibiti ba. Shi zai yi aikin, ya ba da maganin, ya rubuta takardar neman biya ya aika, ya jira. Shirin ya ceci yara masu yawa, wannan ba a musu. Jinkirin biyan kuma sananne ne, an yi shekaru bashin yana taruwa har ya kai biliyoyin sefa a faɗin ƙasa. Haka ma'aikacin gwamnati: ya biya kashi 20, sauran 80 asibiti ya bi gwamnati. Asibitin da ke bin bashi shi ma sai ya ci bashi wurin masu kawo masa kaya, mai kawo kaya kuma in ya gaji ya rage kawowa.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya ƴar shekara 4, ita ma an yi mata aiki a ciki. Kakarta ta ga ina ninke rasit ta ce, "Alhaji, kai kullum cikin biya?" Shekara bakwai ce tsakanin jikarta da yaronmu, kuma wannan shekara bakwai ita ta raba wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa da wanda awaki suka ɗauka.

Akwai kuma abokan hulɗa na waje. A 2006 aka kafa asusun haɗin gwiwa na lafiya da Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka fara zuba wa kuɗi, wasu suka biyo baya. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana Magarya tun 2005 tana jinyar yara. Irin wannan kuɗi yana da amfani, amma mai shi ke zaɓar inda zai sauka, kuma ya fi son rigakafi, tamowa, masassara da haihuwa. Hanjin ɗan shekara 11 ba ya cikin jerin kowa. Ga shi kuma kuɗi ne mai ƙafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da taimakonta cikin kwanaki, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, kwantenonin magani suka maƙale a hanyar Kwatano, Najeriya ta yanke wutar da ke shigo mana ta layin Katsina zuwa Gazawa. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Duk wata sa'a da ɗakin tiyata ko firjin jini ya yi a kan janareto a wannan tsakanin, gas ne da babu wanda ya rubuta shi a kasafin farkon shekara.

Aikin da ba shi da layi a littafin kowa

Yanzu mu koma ga minti ashirin da Metir ya yi a kan gadonmu. Da shi kaɗai ne, minti uku sun ishe shi. Sauran koyarwa ce. A ɗakin tiyata ma haka: in zai bar ƙaramin likita ya riƙe allura ya ɗinke fata yana kallo, aikin zai ƙara tsawo, maganin barci zai ƙaru, fitila da na'ura za su ƙara cin wuta. Kowane ɗalibi da ya duba ciwo safar hannu ce ta tafi. Asibitin da ke koyarwa ya fi wanda ba ya koyarwa tsada, ko da ciwo iri ɗaya suke jinya, ga shi kuma shi ake turo wa masu wuyar.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar sun amsa wannan da kuɗi. A Faransa akwai wani kaso na musamman da ake ba manyan asibitoci saboda koyarwa da bincike, daban da kuɗin jinya. A Amurka shirin Medicare, tun kafa shi a 1965, yana biyan asibitoci wani abu saboda horar da ƙananan likitoci. Ko nan kusa, Kano da ba ta fi kilomita 250 daga nan ba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988 koyarwar tana cikin sunansa da dalilin kafa shi: gwamnatin tarayya ke riƙe da shi ta ma'aikatar lafiya, malaman Jami'ar Bayero kuma suna aiki a ciki a matsayin manyan likitoci. Su ma suna kuka da kuɗi, suna yajin aiki, likitocinsu suna ficewa waje. Bambancin shi ne su in za su yi kuka, akwai layin da za su nuna da yatsa su ce wannan ne bai cika ba.

A wurinmu kasafin asibiti na jinya ne, kasafin jami'a na aji ne da albashin malamai. Koyarwar bakin gado ta faɗa tsakani, kamar katangar da ke tsakanin gida biyu, kowa na jingina da ita, ba mai yaɓe ta. A ganina mutum uku ke yaɓe ta ba tare da an rubuta ba. Malami yana ba da lokacinsa. Mai jinya yana sayen safar hannu da ɗan abin da ya ɗara. Ɗalibi kuma yana biya da kwanan dare. Abin da ɗalibin ke samu shi ne alawus na karatu daga hukumar ANAB in yana cikin masu samu, kuma jinkirin wannan alawus na cikin abubuwan da suka fi fitar da ɗaliban ƙasar nan kan titi. Na ga wannan ɗalibar ƙarfe uku na dare tana cin burodi da ruwan leda a kan benci. Da na miƙa mata shayin da muka dafa sai ta ce, "A'a Baba, ku bar wa Inna." Sai da ƙanwata ta sa baki ta karɓa.

Kada a ɗauka asibiti ne kaɗai ke ɗauke da jami'a. Lissafin yana tafiya ta ɓangare biyu. Kasancewar tsangayar ne ke sa ƙwararren likita ya yarda ya zauna a Damagaram maimakon ya tattara ya koma Yamai, don a nan ma yana iya zama farfesa. Da an cire ɗalibai daga ɗakunan nan na mako ɗaya, da an san yawan ma'aikatan da ya kamata a ɗauka. Kowane gida yana cin arziƙin ɗan'uwansa, ba a dai taɓa zama an ƙirga ba, kuma abin da ba a ƙirga ba shi ake fara mantawa ranar rabon kasafi. In da za a tambaye ni, kafin a yi maganar sabon gini mai babban allo a ƙofa, gara a fara rubuta nawa horar da ɗalibi ɗaya a bakin gado ke ci a shekara, a faɗi ma'aikatar da za ta biya, a kuma riƙa biyan bashin jinyar kyauta cikin watannin da aka yi aikin.

Saura aiki na uku, bincike. Malamin likita a ƙasashenmu ba jami'arsa kaɗai ke ƙara masa girma ba. Akwai hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka amince da kafa ta a Yamai a 1968, mazauninta yana Wagadugu. Ita ke tantance malaman jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci. Daga mataimaki zuwa babban mataimaki sai an ga abin da ka wallafa. Daga nan sai gasar da ake yi duk shekara biyu, inda farfesoshin wasu ƙasashe za su tuhumi ayyukanka, su sa ka ba da darasi, su kai ka gaban mara lafiyar da ba ka taɓa gani ba. Kafin mutum ya kai can sai ya tara rubuce-rubuce, kuma mujallu da yawa sai an biya su kafin su buga. Ba kasafai ake samun wani asusu da zai ɗauki wannan ba, galibi daga albashi yake fita. Duk da haka likitocin tiyata na Damagaram sun wallafa bincike a kan hujewar hanji ta taifot da sauran ciwon ciki na gaggawa, kuma abin da suka nuna shi ne abin da na gani da idona: jinkirin zuwa asibiti da rashin abin hannu su ke ƙara yawan waɗanda ba sa tashi. Kayan aikin wannan bincike ba wasu na'urori ba ne. Manyan rajistocin ɗakin aiki ne da takardun ƙafar gado, waɗanda ɗalibai ke bi ɗaya bayan ɗaya in za su rubuta kundin kammala karatu.

Yaron ya fara shan kunu a kwana na biyar, ya taka zuwa bakin ƙofa a na takwas, yana riƙe da ciki kamar tsoho. Ranar sallama Metir ya ce a riƙa tafasa ruwan sha, kada ya ɗauki kaya mai nauyi wata uku. Ƙanwata ta amsa da to, ni da ita kuma mun san nawa itace yake.

Bayan kamar wata biyar wata baƙuwar lamba ta kira ni ina shago a kasuwar Dole. Ɗalibar ce. Ta gaishe ni, ta tambayi jikin yaron, ko ɗinkin ya taɓa kumbura, ko ya koma makaranta. Ta ce tana rubuta kundinta ne a kan yaran da aka yi wa irin wannan aikin, tana bin iyalai ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai gurbi ɗaya a takardarsa da ruwa ya ɓata: kwana nawa ya yi da zazzaɓi kafin a kawo shi. Na ce ta kashe in kira ta, don na san da kuɗin wayarta take yi. Ta ce ba komai, saura mutum goma sha ta gama. Na sa ta jira, na kira ƙanwata a ɗaya wayar, muka ƙirga daga ranar kasuwar da aka sayi ƙwayoyin zuwa daren da suka iso. Kwana 12 ne.